Kiyashi ya cika buhun sukarin da nake sobolon sayarwa da shi

Assalamu alaikum, Hajiya. Ni matar aure ce a Aboabo cikin Kumasi, kuma shekara uku ke nan ina yin sobolo, wato zoɓo, da lamurje a gida, ina ɗurawa a kwalabe, ƙanwata tana kai wa masu shaguna a bakin tasha. Da can olonka, wato gwangwanin awonmu na kasuwa, ɗaya ko biyu nake sayen sukari, to da na ɗauki adashina sai na ƙara da bashi na sayi buhu guda mai kilo 50, na jingine shi a lungun ɗakin da muke kwana, na ɗaure bakinsa da igiya. Bayan mako uku na tarar kiyashi ya cika samansa, gindin buhun kuma ya yi laima ya dunƙule. Ban da wannan, sobolona ya fara kumbura kwalba tun a rana ta biyu, ƙananan ƙudaje kuma ba sa barin wurin da nake aiki. Uwar mijina ta ce in tankaɗe in ci gaba, domin ba a taɓa jin wanda kiyashi ya kashe ba. Mijina ya ce in zubar da buhun duka. Maƙwabciyata kuma ta ce in sa ƙwayar nan da ake sa wa masara, wadda ake kira bom, ko in watsa kafur a lungun. Ina tsoron in cuci masu saye, ina kuma tsoron bashin da ke kaina. Yaya zan yi?

Mai sobolo, daga Aboabo

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Zan fara da shawarar maƙwabciyarki, domin a cikin maganganu ukun da aka gaya miki ita kaɗai ce za ta iya kai mutum kushewa a dare ɗaya. Ƙwayar da ake kira bom sinadarin aluminiyam fosfaid ce, kuma yadda take aiki shi ne da zarar ta sha danshin iska sai ta riƙa fitar da iska mai guba da ake kira fosfin, wadda ba ta bambanta ƙwaro da ɗan Adam. An yi ta ne domin rumbun hatsi da ake rufewa ruf, a hannun wanda ya koyi aikin, nesa da inda mutane ke kwana. A shekarar 2018 a Accra yara uku 'yan gida ɗaya suka rasu bayan an sa irin wannan ƙwaya a ɗakinsu domin kashe ƙwari, har hukumar abinci da magunguna ta ƙasa, FDA, ta fito ta gargaɗi jama'a. Ke kuwa kin ce buhunki yana cikin ɗakin da kuke kwana, kuma mai yiwuwa bango ɗaya ne ya raba ku da maƙwabta. Kada ƙwayar nan ta ƙetare bakin ƙofarki, kuma ki gaya wa maƙwabciyar taki dalili, domin mai yiwuwa ita ma tana ajiye da ita a ƙarƙashin gado.

Kafur ma ki bar shi inda kika gan shi. Yawancin fararen ƙwallayen da ake sayarwa a kasuwa da sunan kafur naftalin ne, wanda yake komawa iska a hankali, sukari da gari da madara kuma suna zuƙar wannan iskar. Ga mutanen da aka haifa da ƙarancin sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, waɗanda suna da yawa a Ghana da sauran Afirka ta Yamma kuma galibinsu ba su san suna da shi ba, naftalin yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu. Ke ba ki san jinin yaron da zai sayi kwalbarki a bakin tasha ba. Haka maganin sauro na fesawa, da allin nan da ake ja wa layi a ƙasa domin kyankyaso: duk sukarin da ɗayansu ya taɓa ya tashi daga abinci, domin tafasa tana kashe ƙwayar cuta amma ba za ki dogara da ita ta cire guba ba. Garin neman gira ake rasa ido.

Yanzu mu koma ga buhun. Uwar mijinki ta fi mijinki kusa da gaskiya, ko da yake ba ta kai ƙarshenta ba. Busasshen sukari ba wurin zaman ƙwayoyin cuta ba ne, saboda babu ruwan da za su rayu da shi. Hasali ma sukarin ne yake tsotse ruwan jikinsu, kuma wannan ne dalilin da ya sa alewa da zuma suke daɗewa ba su ruɓe ba. Kiyashi kuma ɗiba yake zuwa yi ya kai gida, ba ya yin ƙwai a cikin busasshen sukari kamar yadda ƙwaro yake yi a cikin wake ko masara. Abin da ake ji wa tsoro game da shi shi ne inda ya biyo kafin ya iso wurinki. A gidan da mutane da yawa ke tarayya a bayan gida ɗaya da kwata ɗaya, ƙafar da ta taka bakin kwata ita ce take taka sukarinki, kuma an daɗe da sanin cewa ƙananan tururuwa irin wannan suna iya ɗaukar ƙwayoyin cuta a jikinsu daga wuri zuwa wuri, shi ya sa asibitoci ba sa wasa da su. Saboda haka tankaɗe yana fitar da kiyashin, amma ba ya fitar da abin da ya bari.

Ga yadda za ki yi. Ki fito da buhun tsakar gida ranar da rana ta buɗe sosai, ki riƙa ɗiba daga sama da busasshen kofi kina shimfiɗawa a kan manyan farantai masu tsabta, ba da kauri ba, ki ɗora su a kan tebur. Kiyashi ba ya jure zafin rana, cikin ɗan lokaci za ki ga ya watse da kansa. Ki lulluɓe farantan da yadi mai shara-shara saboda ƙuda da ƙudan zuma, in ba haka ba za ki kori baƙo ɗaya ki gayyato biyu. Bayan nan ki tankaɗe da rariya mai ƙananan ido, ki duba abin da ya rage a cikinta da kyau, domin shi ne zai yanke miki hukunci. Idan gawar kiyashi ce kawai da zaren buhu, sukarinki yana nan. Idan kuwa kika ga kashin ɓera, ko baƙaƙen ɗigo-ɗigon kashin kyankyaso, ko kwanson ƙwansa mai kama da ƙwayar wake mai ruwan ƙasa, ko kika ga an huda buhun daga gefe, to wannan sashen da abin da ke kewaye da shi ki zubar ba tare da ciniki ba. Ɓera yana fitsari a inda yake ci, kyankyaso kuma yana yin amai da kashi a kan abin da yake lasa, kuma ba na ba kowa shawarar ya sayar wa mutane abin da waɗannan biyun suka kwana a ciki, ko da an tafasa shi.

Gindin buhun da ya yi laima shi ya fi damuna fiye da kiyashin. Sukari yana janyo ruwa daga iska, kuma idan danshin iska ya kai wajen kashi 85 cikin 100 sai ƙwayoyinsa su fara narkewa da kansu. A Kumasi, inda ake damina biyu, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, safiya da dama tana kaiwa wannan matsayi, ga kuma sumuntin ƙasa da bango da suke tsatso sanyi su miƙa wa duk abin da aka jingina musu. Da zarar sukari ya jiƙe, kariyar da na ambata ta fara raguwa, domin akwai nau'in yis da ke iya rayuwa a cikin ruwan sukari mai kauri. Ki sa hanci. Dunƙulen da ya bushe ya yi tauri, fari fat, ba wari, danshi ne ya taɓa shi ya tafi, ana iya farfasa shi a yi amfani da shi. Wanda yake danƙo, ko ya sauya launi, ko yake tashin tsami, ko ruwan da ya jiƙa shi daga ƙasa ya fito ba ki san asalinsa ba, wannan ya tafi. Mai yiwuwa ki yi asarar kilo kaɗan daga cikin hamsin, wanda ya fi sauƙi a kan asarar buhu, ya kuma fi sauƙi a kan ranar da mai shago zai dawo miki da kwalabe ya ce an yi ƙorafi.

Ba ki faɗa a wasiƙarki ba, amma na san yadda akasarinmu muke yi: a tafasa sobolo da citta da kanumfari da kimba da ɓawon abarba, a sauke, a tace, a bar shi ya huce, sannan a zuba sukari ɗanye a juya. Idan haka kike yi, to kin tafasa komai ban da abu ɗaya da kiyashi ya taka. Daga yau ki mai da sukarin ruwa kafin ya shiga abin sha. Ki auna sukari mudu biyu na abin awonki a kan ruwa mudu ɗaya, ki ɗora a wuta har ya narke ya tafasa sosai na 'yan mintoci, ki kwashe kumfar da ta taso, ki tace shi da zafinsa ta cikin farin ƙyalle mai tsabta wanda kika tafasa shi ma, ki rufe. Ko kuma ki zuba sukarin a cikin tukunyar sobolon bayan kin tace, ki mayar da ita wuta ta sake tafasa. Wannan mataki ɗaya shi ne ya sa na ce sukarin da kiyashi ya shiga bai lalace ba. In babu shi, da maganar mijinki zan bi. Kuma ga lamurje ya fi zama dole, domin shi yawanci ba ya ganin wuta: jiƙa ake yi, a niƙa, a tace. Sobolo yana da tsamin kansa mai ƙarfi da ke hana ƙwayoyin cuta da yawa sakewa, lamurje kuwa sai gwargwadon tsamiya ko lemun tsamin da kika sa. Ruwan da za ki haɗa shi da shi ma ya zama tafasasshe ne da ya huce a rufe.

Kumburin kwalba kuwa labarinsa daban, kuma ina zargin ƙananan ƙudajen nan fiye da kiyashi. Su ne irin waɗanda ke bin ruɓaɓɓen mangwaro da ayaba, suna ɗauke da yis a jikinsu, kuma a zafi irin namu daga ƙwai zuwa ƙuda mai tashi bai fi kwana 10 ba, mace ɗaya kuma tana zuba ƙwai ɗaruruwa. Abin da ke riƙe su a gidanki shi ne ɓawon abarba da ganyen sobolon da aka tace aka bari a bokiti, da tsumman goge tebur da ba ya bushewa, da kwalaben jiya da aka tara ba a wanke ba. Idan yis ya samu ruwa mai sukari da ɗumi, yana cin sukarin ya fitar da abu biyu, iskar da ke kumbura kwalbar da kuma barasa. Da wannan hanyar ake yin fito da burkutu, bambancin kawai su da gangan ake yi. A rana ta farko ko ta biyu abin da ya taru kaɗan ne, amma ke Musulma ce mai sayar wa Musulmi, ba sai na tsawaita ba: kwalbar da ta yi tauri, ta yi tsit in an buɗe, ɗanɗanonta ya fara cizon harshe, ba ta sayarwa ba ce, kuma ba a gyara ta da ƙarin sukari, domin abinci kika ƙara wa yis ɗin.

Maganin wannan yana hannunki. Ki fitar da ɓawo da ganyen da aka tace daga gida a ranar, a ɗaure cikin leda. Ki bar abin sha ya huce a rufe, kada ya kwana a buɗe. Kwalabe kuma, musamman in waɗanda aka taɓa amfani da su ne, ki wanke cikinsu da murafensu da sabulu da buroshi, ki ɗauraye, ki kife su su bushe sarai, domin ɗigon sobolon jiya da ya maƙale a zaren murfi ya isa ya tayar da na yau. Abin da ya fi kyau shi ne sababbin kwalabe idan jarinki zai ɗauka. Bayan ɗuri su shiga sanyi nan take, ƙasa da digiri 5 in firjinki yana kaiwa, domin sanyi ba ya kashe yis, rage masa gudu kawai yake yi. Ranar da aka ɗauke wuta aka daɗe, ki ɗauka cewa kwanakin kayanki sun ragu. Ni a ganina mai sana'a irin taki gara ta yi na kwana ɗaya ya ƙare a nemi ƙari, da ta yi na kwana uku tana addu'ar kada wuta ta tafi.

Game da ajiya, buhun da sukari ke zuwa a ciki na ɗauko kaya ne daga jirgi zuwa sito. Yawancin sukarin da muke sha a Ghana daga waje ake shigo da shi, masana'antar sukari ta garin Komenda da aka sake ginawa aka buɗe a 2016 ba ta cike wannan gurbi ba, saboda haka buhun da ya iso kasuwar Kejetia ya riga ya sha hanya da hannaye. Da zarar an kwance bakinsa, igiya ba ta hana kiyashi, wanda ramin allura ya ishe shi. Ki nemi bokitan roba masu murfin da ke kamawa gam, sababbi ko waɗanda abinci ne kaɗai ya taɓa zama a cikinsu. Bokitin fenti da jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin gona ko kananzir ba sa wankuwa, komai sabulun da aka sa. Ki raba sukarin gida uku ko huɗu, kowane kashi a cikin leda mai kauri a ɗaure sannan a cikin bokiti, ta yadda wanda kike buɗewa kullum ƙarami ne, sauran kuma iska ba ta ganinsu sai ranar da aka zo kansu. Ki ɗora su a kan benci ko katako, su bar ƙasa, su bar bango da kamar tafin hannu, nesa da murhu da randa. Kofin ɗiba ya zama nasa ne shi kaɗai, busasshe, kuma ki goge bakin bokitin kafin ki rufe, domin 'yan ƙwayoyin da ke zuba a gefe su ne ke kiran ɗan leƙen asirin farko.

Na ce ɗan leƙen asiri domin haka kiyashi yake aiki. Guda ɗaya ne yake gano abinci, in zai koma gida sai ya bar ƙamshi a kan hanya wanda 'yan'uwansa ke bi, shi ya sa kike ganinsu a jere kamar an ja musu layi. Ki bi layin da ido har inda ya shige, ki wanke hanyar da ruwan sabulu domin ƙamshin ya goge, ki toshe ramin da sumunti. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa maganar ba karin magana ba ce, tsagar ce za ki nema da gaske. Fesa magani a kan layin yana kashe waɗanda kika gani ne kawai, uwar kiyashin tana can cikin bango tana haihuwa, wani nau'in ma in an fesa masa sai gidan ya rabu biyu ko uku. Dabarar iyayenmu ta sa ƙafafun tebur a cikin gwangwanayen ruwa tana aiki har gobe, sai dai ki ɗiga sabulu a ruwan kuma ki riƙa sauya shi duk bayan kwana biyu ko uku, kada ki kori kiyashi ki buɗe wa sauro gidan haihuwa. Idan abin ya fi ƙarfin wannan, akwai maganin da ake sawa a cikin ɗan rufaffen akwati, kiyashi ya ɗiba ya kai wa uwar; ki sayi mai rajistar hukumar kare muhalli, EPA, a jikinsa, ki ajiye shi a ƙasa inda yaro ba ya kaiwa, nesa da kayan sana'arki. Jami'an duba-gari na majalisar Asokore Mampong, waɗanda muke kira tankas, su ma aikinsu ne su ba da shawara a kan wannan, kuma a wurinsu ake neman takardar lafiyar mai sayar da abinci idan taki ta ƙare.

Tunda azumi yakan sa masu sana'arku su tara dabino da tsamiya da zuma, bari in taɓa su a gurguje, domin hukuncinsu ya bambanta da na sukari. Dabino da tsamiya ƙwaro yana yin ƙwai a cikinsu, tsutsa ta girma a ciki, saboda haka dabino a buɗe shi ake yi a duba kafin a ci ko a niƙa. Ya zo a hadisi cewa an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tsohon dabino, ya riƙa bincikarsa yana fitar da tsutsar. Wanda kika saya da yawa, ki ɗaure shi a leda ki sa a firiza mai daskarewa sosai na mako guda, hakan yana kashe ƙwaron da ƙwansa, sannan ki ajiye a rufe. Wanda ya yi furfura ko yake warin tsami ki zubar. Zuma kuma a kwalba mai murfi, kada cokali mai ruwa ya shiga, domin in ruwanta ya yi yawa ita ma tana tashi. Daskarewar da take yi ta yi tsaki-tsaki ba lalacewa ba ce. Kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ko ta fi kowace tsabta.

Saura maganar gida. Kada ki je wa uwar mijinki da cewa ta yi kuskure, domin ba ta yi ba, rabin hanya ta tsaya. Ki ce mata, Mma, na bi maganarki na tankaɗe, na kuma ƙara da tafasawa saboda na sayarwa ne, sannan ki roƙe ta ta zauna kusa da farantan ranar shanya tana kore kaji da yara. Mijinki kuma ki nuna masa abin da kika zubar daga gindin buhun da idonsa, ki gaya masa kuɗin bokitai uku nawa ne. In kin biya bashin nan kika tashi sake saye, ki lissafa kilo nawa kike ci a mako; idan buhu zai wuce wata guda a hannunki a cikin damina, ki nemi wata mai koko ko mai burkina, abin shan nan na gero da nono, a layinku ku raba shi biyu tun a kasuwa, kowa ta kawo bokitinta. Cikakken buhu ki bar shi sai hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ta bushe.